Sunan Da Habila Ya Cire Daga Buhu

A wani gari da ke gindin dutse, inda rafi ya raba gonaki gida biyu, an yi wani mutum mai suna Habila, wanda ikilisiya ta damƙa wa riƙon rumbunta. Ba rumbun ƙasa ba ne irin na kakanninmu. Ɗaki ne na bulo mai rufin kwano, amma mutane ba su daina ce masa rumbu ba. Da kaka kowane gida yakan kawo baikonsa, dawa da masara da wake, a tara a can. Idan bazara ta yi tsanani, hatsi ya ƙare a gidaje, sai a buɗe a raba wa gwauraye da marasa ƙarfi. Wani kashi na waken kuma akan ware shi don iri, a barbaɗa masa maganin ƙwari, a ɗinke, a jira ruwan shuka.

Maganin nan gari ne mai launin toka, guba ne kuwa mai kisa. Ga inda haɗarin yake. Tun zamanin iyaye, matan ƙasar sun saba cuɗa wake da tokar murhu kafin su ajiye, don kada ƙwari su huda shi. Mace in ta kwance buhu ta ga wake ya yi furu-furu, ba abin da zai zo mata a rai sai toka. Ta ɗauraye shi sau ɗaya, ta zuba a tukunya.

Saboda haka 'ya'yan garin da ke aiki a birni suka haɗa hannu, suka kawo kwamfuta da wata 'yar firinta mai fitar da takarda mai gam, suka kafa sola a kan rufi. Kowane buhu sai an manna masa takardarsa kafin ya fita daga rumbu. A sama akan rubuta irin hatsin, sai nauyinsa, sai ranar da aka ɗinke shi. A ƙarƙashin wannan sai sunan wanda ya ɗinke. Idan kuwa buhun iri ne, can ƙasa da sunan akan buga da manyan baƙaƙe cewa iri ne, an sa guba, kada a ci. A gefe kuma da hoton tukunya an soke ta da layi biyu, domin waɗanda ba su yi karatu ba.

Habila mutum ne mai tsabtar hannu. Bai taɓa ɗaukar ƙwaya ɗaya da ba tasa ba. Abu ɗaya ne ba ya iya ɗauka, wato a yi masa dariya.

Wata shekara, ana gab da kaka, aka raba ragowar waken bara, sai aka tarar ƙwari sun cinye buhu biyu, dukansu kuwa da sunansa a jiki. Ran Lahadi bayan sujada, matan zumunta suka tare shi a ƙofa.

Wata ta ce, "Habila, Allah ya saka da alheri. Wake muka roƙa, ka haɗa mana har da nama."

Wata ta karɓe, ta ce, "Ai mai waken Habila ba ruwansa da mahauci."

Aka yi ta dariya. Ba da mugunta suka yi ba, kafin su kai gida ma sun manta. Habila ne bai manta ba.

Washegari ya zauna gaban kwamfutar shi kaɗai. Wanda ya kafa musu ita ya taɓa nuna masa wani lungu a cikinta, inda ake gaya wa firinta tsawon takarda, ko da wata rana za a sayo wata iri dabam. Lamba ce guda ɗaya. Habila ya rage lambar kaɗan, ya buga, ya duba. Ya ƙara ragewa, ya buga. A karo na uku takarda ta fito da irin hatsi da nauyi da rana, ƙasanta kuwa fari fat. Suna ya tafi. Ya ɗaga kai ya dubi fuskar kwamfutar, ya ga a can kome yana nan yadda yake, har da sunansa. Duk wanda ya leƙa ba zai ga an taɓa kome ba.

Ya ce a ransa, "Ban cuci kowa ba. Sunana ne, na ɗauke abina."

A lokacin buhunan abinci kaɗai ake fitarwa, ba abin da ke ƙasa da sunan. Bai tuna da buhunan iri ba. Watanni suka wuce, idonsa ya saba da tsayawa a saman takarda, ba ya gangarawa ƙasa. A hankali har shi kansa ya manta da abin da ya yi.

Da ruwan shuka ya sauka, aka ce a gaggauta kai wa 'yan'uwa na Ƙetare rabonsu kafin rafi ya cika. Ƙetare ƙaramin ƙauye ne a tsallaken rafin, da 'yar majami'a ta ciyawa. Mai karɓar kayan a can ita ce Gwaggo Kande, ƙanwar mahaifin Habila, gwauruwa, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsa. Ran Litinin Habila ya fitar da buhu shida na waken ci, da huɗu na iri. Buhunan duka kamarsu ɗaya, takarda ce kaɗai ta bambanta su. Ya dubi fuskar kwamfuta, ya ga gargaɗi da hoton tukunya, ya buga, ya manna da sauri, gama hadari yana haɗuwa. Mai amalanken shanu yana ɗaure kayan ya ce masa, "Gwaggonka na jiran waken nan. Ran Alhamis take gayyar huɗa, mutum talatin za ta ciyar."

Ran Talata iska ta banko taga, ta ture firintar daga kan tebur. Aka ɗaga ta, aka kakkaɓe, ta ci gaba da aiki. Ran Laraba aka buga takardu, aka raba iri a cikin gari. Baba Dogara, dattijon ikilisiya, ya tsaya a bakin ƙofa yana ce wa kowa da bakinsa, "Na shuka ne, ba na tukunya ba."

Ran Alhamis da safe, rana ba ta yi zafi ba tukuna, sai ga wata mata mai suna Rifkatu tana jan buhu a ƙasa har ƙofar rumbu. Akuyarta ta yage buhun ta ci, an tarar da ita a miƙe, kumfa a baki. Mutane suka taru.

Rifkatu ta ce, "Ba akuyar ce ta kawo ni ba. Ku duba nan. Ina hoton tukunyar? Surukata ba ta nan jiya da Baba yake magana. Da ita ta fara buɗe buhun nan, da ta ce toka ce, da yanzu ba akuya muke magana a kai ba."

Ta ɗora yatsa a kan farin wurin da ke ƙasan takardar. Habila ya bi yatsan da ido. Nan take ya tuna da ranar nan, da lambar, da karo na uku.

Aka aika gida gida, aka duba sauran buhunan jiya. Duka haka suke. Mutane suka ce ai faɗuwar ran Talata ce ta lalata injin. Baba Dogara ya sauke numfashi, ya ce, "Mun gode wa Ubangiji da kayan Ƙetare suka tafi tun Litinin, kafin ta faɗi. Ko ba haka ba, Habila?"

Habila ya ce, "Haka ne, Baba."

Ya shiga lallashin kansa. Wataƙila Gwaggo za ta ji wari. Wataƙila buhun ci za ta fara buɗewa, ai su ne shida. Wataƙila ruwan jiya ya sa an ɗaga gayyar. Amma ya san gwaggonsa. Da hantsi take ɗora wake, rana tsaka take saukewa.

Akwai wata 'yar garin mai suna Briskila, wadda ke gyaran na'urori a birni, ta zo duba mahaifiyarta a makon nan. Aka kira ta. Ta zo da 'yar jakarta, ta gai da dattawa, ta juya firintar gaba da baya. Ba ta ciro ko sukurdireba ba.

Baba Dogara ya ce, "Ba za ki kwance ta ba?"

Ta ce, "Kafin in buɗe cikinta, Baba, bari mu ji abin da aka faɗa mata."

"Inji kuma har magana ake yi masa?"

"Ana yi, Baba. Abin da kuke gani a fuskar kwamfuta hoto ne kawai, don idonku. Abin da ke bi ta cikin wayar nan zuwa firinta dabam ne. Saƙo ne, rubutu a cakuɗe da umarni: fara nan, ƙara girma, sauka ƙasa, tsaya. Kullum firinta takan bi umarnin ta haɗiye shi, ta nuna muku sakamako kaɗai. Amma akwai yadda ake sa ta daina bi, ta zayyano duk abin da ya shigo mata, ɗanye, yadda ya zo."

Ta kashe firintar. Ta danne maɓallinta da babban yatsa, ta kunna tana riƙe da shi, har fitilar ta yi ƙyafta sau uku. Sa'an nan ta matsa gefe.

Ta ce, "Kawu Habila, aika mata takardar iri, yadda ka saba."

Habila ya zauna. Da ya danna, firintar ta fara fitar da takarda, ba guntuwa ɗaya ba kamar kullum. Ta yi ta fitowa, doguwa, har ta sauka daga tebur ta taɓa ƙasa, cike da ƙananan baƙaƙe da lambobi kamar jerin tururuwa.

Briskila ta yage ta, ta shimfiɗa a kan buhu, ta durƙusa tana bi da yatsa.

"Ga wake. Ga nauyi, ga rana. Ga sunanka, Kawu, ya iso lafiya. Ga gargaɗin nan a bayansa, ba harafin da ya ɓace. Wannan tarin lambobin kuma su ne ke zana tukunyar." Ta ɗago. "Kwamfuta ta aika kome. Firinta ta karɓi kome. Waya ma lafiyarta lau."

Rifkatu ta ce, "To ina suka shiga? Aljani ya lashe?"

Briskila ta sake sunkuyawa. Ta koma can farkon takardar, inda saƙon ya soma, ta daɗe tana duban wani ɗan gajeren layi. Ta miƙa hannu ta zari tsinke daga tsintsiya, ta auna shi da tsawon takardar da ke jikin buhun Rifkatu, ta karya daidai. Sa'an nan ta yi ɗan lissafi da baki, ta sake karya kusan kashi ɗaya cikin uku na tsinken, ta ɗora ragowar a kan takardar. Tsinken ya ƙare daidai inda rubutu ya ƙare. Daga nan zuwa ƙasa fari ne.

Ta ce, "Ga shi. Kafin kwamfuta ta faɗi wake ko nauyi, abin da take fara gaya wa firinta shi ne, takardarki iyakarta nan, duk abin da ya wuce nan ki zubar. Ita kuwa ta yi biyayya. Injin nan ba shi da laifi, Baba."

Baba Dogara ya ce, "Ba faɗuwar ba ce?"

"Faɗuwa tana fasa roba, tana tsinka waya. Ba ta canja lamba a cikin kwamfuta. Hannu ne ya sa ta."

"Tun yaushe?"

"Wannan takardar ba za ta faɗa ba. Gyara kam yanzu zan gyara, aikin minti ɗaya ne. Amma buhu nawa suka fita a haka, wanda ya taɓa lambar ne kaɗai ya sani."

Baba Dogara ya juya wajen Habila. Ba da zargi ya dube shi ba, gama yana ƙaunarsa. Ya ce, "Ɗana, ko ran Talata da ka ɗaga ta, ka ɗan tattaɓa wani abu don ta tashi? In haka ne ba kome, kowa zai yi."

Ga ƙofa an buɗe masa. In ya ce i, magana ta ƙare, ba wanda zai yi masa dariya, ba wanda zai ce akuyar Rifkatu tana wuyansa. Ya dubi bakin ƙofar rumbu, ya ga inuwar bango ta janye, saura kaɗan ta shige ƙarƙashin bangon. Ya dubi doguwar takardar a kan buhu. Ga sunansa, ga gargaɗin manne da shi a baya, ba ko tazarar yatsa tsakaninsu. Ya ga Gwaggo Kande a zuciyarsa tana tsugune tana gyara itace.

Ya ce, da murya wadda shi kansa bai gane ta ba, "Ba ran Talata ba ne. Tun kafin kaka ne. Ni na rage lambar, don sunana ya daina fita. Buhunan Ƙetare ma ba gargaɗi. Yau Gwaggo take gayya."

Wata daga cikin matan da suka yi masa ba'a a bara ta rufe baki da gefen zane.

Baba Dogara ya ce, "Maganar nan ta jira. Wa ke da babur a kusa?"

Briskila ta riga ta ciro waya tana kira, amma Ƙetare ba sabis, kowa ya sani. Habila ya karɓi makullin babur daga hannun wani, bai ma ga ko wane ne ba. Ya bi hanyar gona, laka tana watsuwa. A bakin rafi ya tarar ruwa ya ƙaru, ja wur, yana tafe da rassan itace. Ya yar da babur ɗin a kan yashi ya shiga. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Sau ɗaya ƙafarsa ta zame, ya sha ruwa, ya kama saiwar wani itace. Bai iya haɗa addu'a ba. Abin da yake ta maimaitawa kawai shi ne, "Ya Ubangiji, kada ta sauke. Kada ta sauke."

Da ya haye, takalminsa ɗaya ya tafi. Ya yi gudu a haka. Tun daga nesa ya kasa kunne ko zai ji kiɗan gayya a gona. In ana kiɗa, ana aiki, ba a zo ci ba. Bai ji kome ba.

Ya shiga gidan Gwaggo ya tarar da maza sun jingine garemani a jikin danga, suna layi wajen wanke hannu. An sauke babbar tukunya, tururi yana tashi. Gwaggo Kande tana riƙe da ludayi, ta cika akushi na fari, tana miƙa wa shugaban gayya. Habila ba shi da numfashin magana. Ya buge akushin daga hannunta, ya sa ƙafa ya ture tukunyar. Wake ya malala a tsakar gida.

Gwaggo Kande ta zari muciya ta sauke masa a kafaɗa. "Habila, ka haukace ne? Abincin mutum talatin? Tun hantsi nake kan wutar nan."

Ya durƙusa yana haki, ya ce, "Gwaggo, wane buhu kika buɗe?"

"Wanda ka sa wa toka da yawa mana. Na ce bana ɗana ya yi hankali, ko ƙwaro ɗaya babu."

"Ba toka ba ce. Gubar iri ce. Kin ci?"

Ludayin ya faɗi daga hannunta. Ta ce a hankali, "Na lasa romon sau biyu, don gishiri."

Maza suka kori kaji da karnuka daga wajen waken, suka haƙa rami suka binne shi, har da ƙasar da ya taɓa. Aka fito da buhunan goma, Habila ya shinshina kowanne, ya ware huɗun nan, ya shafa musu gawayi. Kafin a gama, Gwaggo ta fara zufa, cikinta yana murɗawa. 'Yan gayya suka ɗauke ta a kan ƙyauren ƙofa, suka haye rafi da ita a bisa kawunansu, zuwa ƙaramin asibitin da ke bayan dutse. Habila yana biye, yana riƙe da hannunta.

A hanya ta buɗe ido, ta ce, "Habila, akwai mudu ɗaya."

"Wane mudu, Gwaggo?"

"Jiya wata baƙuwa ta wuce, mai goyo, ta ce yunwa. Daga buhun nan na auna mata. Ban tambayi sunanta ba. Ban san inda ta nufa ba."

Gwaggo Kande ta yi kwana uku a kwance, Ubangiji ya tashe ta. Ran Lahadi Habila ya tsaya gaban jama'a ya faɗi kome da bakinsa, bai rage ba. Ikilisiya ta gafarta masa, matan zumunta ma suka nemi gafararsa a kan dariyar bara. Ya miƙa makullin rumbu, Baba Dogara ya mayar masa, ya ce, "Riƙe. Amma sunanka zai fita a kowane buhu, mai kyau da mai ƙwari." Briskila ta mayar da lambar yadda take. Da za ta yar da doguwar takardar nan, Habila ya roƙe ta, ya kafe ta da ƙusa a bango, daidai inda idonsa zai sauka in ya zauna.

Amma mudun nan ba a same shi ba. Aka yi shela a majami'u da masallatai na kewaye, aka tambayi masu unguwanni. Habila ya shiga bin kasuwannin ƙauye, kowace ranar kasuwa, yana tambaya ko an ga wata baƙuwa mai goyo, ko an ji wani gida da aka kwanta ciwo bayan an ci wake. Waɗansu suka ce wataƙila ta shuka shi. Waɗansu suka ce wataƙila ta wanke shi sosai. Ba wanda ya sani. Har tsufansa, in ya ga mace da goyo a kan hanya, sai ya tsaya ya bi ta da ido.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake koya mana.

Fuskar kwamfutar nan ita ce fuskar da muke zuwa da ita sujada. A can kome daidai yake, suna yana nan, gargaɗi yana nan. Ba mutane kaɗai take ruɗa ba. Ku tuna Habila ma ita ya duba ran Litinin, ya gamsu. Mutum yana iya duban kyakkyawan hoton kansa har ya gaskata shi.

Firintar kuwa ita ce hannunmu da bakinmu, ayyukan da ke fita daga gare mu su shiga gidajen mutane. Sau da yawa in mugun abu ya fito, mukan ce injin ne ya faɗi. Gajiya ce, fushi ne ya kwashe ni, zamani ne ya lalace. Amma hannu da baki masu biyayya ne. Abin da zuciya ta aika musu a ɓoye, shi suke yi. In kana so ka san dalilin da ya sa aikinka yake fita a gurguje, kada ka tsaya kan hannun. Koma farkon saƙon, ka ga umarnin da ke gaba da kome. A wurin Habila umarnin shi ne, kada a ƙara yi mini dariya. A wurin wani, kada in yi asara. A wurin wata, kada a san ni ce. Ɗan gajeren layi ne, amma duk abin da ya biyo baya a ƙarƙashinsa yake.

Ku lura kuma da abin da ya yanke. Shi sunansa kaɗai ya yi niyyar cirewa, bai san gargaɗin yana manne da shi ba. Haka Allah ya ɗinka rayuwarmu. Ranar da ka janye sunanka daga aikinka don kada a tambaye ka, ka janye kariyar wani da ba ka gani. Magini da ya rufe tsagar bango da fenti, da uwar da ta ga abu a wurin ɗanta ta yi shiru don kada maƙwabta su ji, kowannensu yana cewa nawa ne, ban cuci kowa ba. Akwai mai buɗe buhun a tsallaken rafi.

Abin da ya kamata ya ba mu tsoro shi ne wannan. Akwai ranar da za a danne maɓalli, a zayyano saƙon ɗanye, doguwar takarda har ƙasa, a gaban Wanda ba a ɓoye masa kome. A ranar ba za a dubi hoton ba. Za a karanta abin da ya bi ta cikin waya, har da lambobin da mu kanmu muka manta mun canja. Alherin Ubangiji shi ne, yana yarda ya yi mana wannan binciken tun yanzu, ta wurin Maganarsa da Ruhunsa, tun inuwa ba ta gama janyewa ba, tun tukunya tana kan wuta. Wanda ya ce ni ne, yana samun gafara, cikakkiya kuwa, gama Almasihu ya riga ya ɗauki kunyar da muke gudu. Habila ya ce ni ne, mutum talatin suka koma gidajensu da ƙafafunsu.

Amma kada mu manta da mudun. Gafara tana wanke mai laifi, ba kullum take dawo da abin da ya riga ya fita ba. Da Habila ya koma ya gyara lambar nan a cikin rani, da ba a yi kome ba. Da ya faɗi gaskiya tun da Rifkatu ta ɗora yatsa, da Gwaggo ba ta kai ga lasa romo ba. Kowace sa'a ta shiru tana da nata mudun.

Saboda haka, in akwai wata lamba da ka rage a ɓoye, kai kaɗai ka san ranar, kada ka jira akuya ta mutu. Kafin ka ci abincin rana yau, je ka wurin wanda ya kamata ya ji, ka ce masa, tun kafin kaka ne, ni ne.